Ranar da Maitama Ya Shiƙe Kan Sarki

Tun da gwiwar Malam Maitama ta ƙi, 'ya'yansa suka ƙwace fartanya suka ce ya huta, gidan nan na bakin Maska bai sake samun zaman lafiya ba. Mutumin da ya saba kwana da tunanin masara ya tashi da na auduga, shi aka ce ya zauna a tabarma ya kalli kaji. Ya kalle su kuwa, har ya fara yi musu faɗa a kan yadda suke tono ba tsari. Matarsa Tsohuwa, wadda take amsa wannan suna tun tana goye, ita ta gaji ta sa aka ɗora shi a mashin zuwa Funtua wurin abokinsa, ko gidan ya sha iska.

Abokin shi ne Alhaji Tajudeen, Bayarabe haifaffen Funtua, mai sayar da iri da maganin feshi. Da ya gama sauraron ƙorafin Maitama, sai ya jawo wani littafi mai kauri daga ƙarƙashin kantar shagonsa ya buɗe. Kowane shafi cike yake da kan sarki, irin wanda ake manna wa ambulan a gidan waya, an jera su layi-layi kamar kunya a gona.

"Malam Maitama, wannan ita ce gonata," in ji shi. "Ba ta son taki, ba ta son gwiwa."

"To me ake yi da su, Alhaji?"

"Kallo."

"Kallo kawai? Ba a ci, ba a shukawa? Lallai mutanen birni kun ƙoshi."

Yana cikin tsiya yana buɗe shafuka, sai idonsa ya faɗa kan wani mai hoton tsuntsu shuɗi. Yana da irinsa a gida, a kan wasiƙar ƙaninsa Jibo. Jibon nan, suna yara, manne yake da bayan Maitama: gona, rafi, kasuwa, duk inda ya juya yaron na ƙeyarsa. Ya kore shi da kara, ya waiga ya gan shi. Da ya girma ya tafi Kumasi fataucin goro, ya aiko wasiƙa sau ɗaya, daga nan sai labarin rasuwarsa ya iso. Ko hotonsa babu a gidan. Wannan ambulan ita ce kawai abin da hannunsa ya taɓa da ya rage.

Da Alhaji Tajudeen ya ji haka, sai ya ba shi sabon littafi da ɗan hantsaki, ya ce shafin farko na Jibo ne. Ya karanta masa aikin dalla-dalla: a yanke kusurwar ambulan, a jiƙa a ruwan sanyi, a bari kan sarkin ya saki takarda da kansa, a ɗauraye ƙaron da ke bayansa, a shanya a inuwa, sannan a tsince ɗaya bayan ɗaya da hantsaki.

"Haƙuri kawai yake so," in ji Alhaji.

Maitama ya riƙe jiƙawa da shanya. Sauran bayanin duk ya zube a hanya kafin mashin ya iso Maska.

Ya bi gida-gida yana roƙon tsofaffin ambulan, har aka fara raɗe-raɗin wai wani maganin gwiwa aka ba shi. Ya tara tsibi guda, ya yanke kusurwoyi, ya antaya su duka a daron wanki har da na Jibo, ya dama da hannu kamar mai jiƙa gero. Ɗauraya kuwa ko tunaninta bai yi ba. Ya kwashe ya baza a tabarma a tsakiyar rana, yadda ake yi wa barkono. Da suka bushe sai ga kan sarki da guntayen takarda a cakuɗe, ba a gane uwa ba a gane 'ya.

Ya ɗauki hantsaki. Yatsun da suka shekara da shekaru a ƙotar fartanya ba su san zaman wannan ɗan ƙarfe ba. Ya kama wannan ya suɓuce, ya kama wancan ya tsunkule kansa. Gumi ya wanke shi. Lokacin kaka ne, daga bayan gari yana hango mata a masussuka suna shiƙar dawa, nan take dabara ta faɗo masa, ya yi murmushin tausayin Alhaji Tajudeen da ya ɓata rayuwarsa yana tsintar abu ɗaya-ɗaya.

"Tsohuwa! Miƙo mani faifai da ƙwarya."

Ta leƙo daga madafa. "Malam, namiji da faifai? Me za ka shiƙe?"

"Kan sarki. In raba tsaba da ƙaiƙayi."

"To a cikin kayan nan naka, wanne ne tsabar?"

"Ji wata tambaya! Tun da nake noma, abu mai daraja a gaban ƙafarka yake faɗowa, iska ta tafi da banza. Ke za ki koya mani?"

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta miƙa masa, amma ta biyo shi bayan gida don irin wannan kallo ba a ba mutum labari.

Ya tsaya ya juya wa iska gefe yadda ya ga mata na yi, ya ɗaga faifai sama, ya karkata. Guntayen ambulan masu kauri suka zubo cikin ƙwarya tsaf, ba wanda ya kauce. Kan sarki kuwa suka tashi sama baki ɗaya kamar fara, iska ta juya da su ta kansa, ta watsa cikin unguwa.

"Jibo!" in ji Maitama, ya yar da faifai. Gwiwar da ta hana shi gona ta manta da ciwonta.

Unguwa ta fito. An tsinci wani a kan hancin jakin maƙwabci, an tsamo wasu daga ƙwaryar mai fura. Wata kaza ta ruga da mai hoton jirgin ruwa a baki, mata uku na bin ta da tsintsiya. Mati mai shayi ya kawo guda biyu da suka faɗa masa cikin madara, yana tambaya ko za su hana shi ciniki. Akuyar Tsohuwa ta tsaya gefe tana tauna wani abu a natse, Maitama ya durƙusa ya buɗe mata baki da ƙarfi, ya sami rabin hoton jirgin ƙasa da cizo a yatsa. Duk wanda aka miƙo masa sai ya duba ya girgiza kai. An samu da yawa, amma tsuntsu shuɗi babu shi.

Da la'asar ta yi mutane suka watse. Ya koma tsakar gida ya zauna a turmi, ya cire hula ya sunkuyar da kai. Ba wasa a cikin abin yanzu, baƙin ciki ne sosai ya cika masa ƙirji. Shekaru abin nan na kwance lafiya a adaka, ko ɓera bai taɓa shi ba, sai shi da hannunsa ya ba iska.

"Na sake korar shi, Tsohuwa," ya ce. "Wannan karon ba zai dawo ba."

Ta zo da moɗar ruwa za ta ba shi, ta zagayo ta bayansa, sai ta tsaya cik.

"Malam, kada ka motsa."

"Kunama ce?"

"Na ce kada ka motsa."

A ƙeyarsa, daidai inda hula ta tsaya, tsuntsu shuɗi na zaune daram. Gumi da ƙaron da bai ɗauraye ba sun manne shi da fata. Da shi ya zaga unguwa, da shi ya yi kokawa da akuya. Da ta gaya masa, ya kai hannu zai ɓamɓare, ta buge hannun.

"Za ka yaga shi! Ba ka ce Alhaji ya ce a jiƙa a bari ya saki da kansa ba?"

Ta fara ɗiga masa ruwan moɗa a ƙeya kaɗan-kaɗan. Ruwan na gangarowa cikin rigarsa, mutumin da ko a sahun salla ba ya iya tsayuwa shiru ya zauna ƙam, kafaɗunsa kawai ke girgiza, ita kanta ba ta san dariya yake ko kuka ba.

"Ya ƙi saki," in ji ta bayan wani lokaci.

"Ƙyale shi," in ji Maitama, ya share ido da bayan hannu. "Tun yana yaro haka yake. Bar shi ya ƙara zama kaɗan."