Ruwan da Ya Ci Maliki

Zulai'atu ta tsaya a bakin ruwa da Fa'izu a goye, ƙafarta ta ƙi shiga jirgin.

"Shigo mana, matar ƙanena," in ji Ɗangana mai jirgi. "Damina ta cinye hanyar mota. In ba ta ruwa ba, ba ki ganin likitan Yelwa."

Tun da tafki ya ci mijinta Maliki a wajen kamun kifi, shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, ta rantse ɗanta ba zai ƙara taka gaɓa ba. Ta kwashe shi zuwa gidan innarta, can tudu bayan Wara. To, daga nan fa barci ya ƙaurace wa yaron. Da ya runtsa sai ya zabura yana kiran Baba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an ɗura jiƙo, har da maganin kemis, duk a banza. Yaro ɗan shekara huɗu ya koma daga ido sai wuya. Wallahi tsoro take ji kada shi ma ta rasa shi.

Ta yi bisimilla ta shiga, ta kwanto shi ta ɗora a cinya, ta ƙi duban ruwan.

Aka tayar da inji. Igiyar ruwa ta soma marin katako, jirgin yana lilo. Fa'izu ya miƙa hannu ya shafa wani jiƙaƙƙen taru da ke gefensu.

"Inna, warin Baba."

Ba su wuce tsibirin farko ba ta ji kansa ya yi nauyi. Ta kai yatsa hancinsa. Ashe barci ne, har da minshari.

"Ai cikin jirgi Maliki ya raine shi," in ji Ɗangana a hankali. "Kina bandar kifi, shina kwance bisa taru. Kin mance?"

Ba ta manta ba. Ƙin tunawa ta yi.

A Yelwa fasinja suka sauka da kwandunansu. Yawun yaron ya jiƙa mata zane, bai ko motsa ba. Sai a lokacin ta dubi ruwan, ta daɗe tana dubansa, hawaye na zuba.

"Mun iso. Asibiti na can sama," in ji Ɗangana.

"Rage murya, Yaya. Yaushe za ka koma?"

"Sai la'asar."

"To, muna nan ciki." Ta gyara wa Fa'izu kai. "Gobe ma ka rage muna wuri."