Takalmin Tsumma

Ranar da ƙunshin ya iso daga ƙasar Sin, Ruƙayyatu ta ɗauka yadudduka ne. To, wa zai ce ba haka ba? Surukarta ce ta aiko, kayan sun daɗe a hanya, ga leda kan leda. Har mahaifiyarta, Inna Zulai, ta jawo kujera tana gyara ɗaurin kallabi. Aka yanke igiya, sai ga tsummoki. Wallahi tsummoki! Wata shuɗiyar riga da ta koɗe a kafaɗa, guntun zane mai furanni, hannun rigar sanyi, sai basilla da damin zare mai kauri.

"Yau na ga abin da ya ishe ni," in ji Inna Zulai. "Wanga shi ne tsarabar Caina? Mu da ke neman inda za mu zubar da namu?"

Yusufu, mijin Ruƙayyatu, ko jin ta bai yi ba. Ya durƙusa ya ɗauki shuɗiyar rigar ya kara a hancinsa, ya daɗe a haka.

Mutumin Sin ne, Musulmi tun kaka da kakanni. Gyaran injin casar shinkafa ya kawo shi Kalgo, a bakin leburori ya koyi Hausa, shi ya sa ko sannu ya yi maka sai ka ɗauka faɗa ne. An kai ruwa rana kafin a ba shi Ruƙayyatu. Ita tana koyarwa a firamare a Gwandu, tana zaune gidan uwarta da 'yarsu mai rarrafe, shi kuma yana zuwa duk Juma'a. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, don haka Ummi ake kiran ta.

Da ya ajiye rigar, sai ya yi musu bayani. A gidansu, takalmin farko na yaro kakarsa ce ke ɗinkawa. Ana yayyage tufafin manya da suka riga mu gidan gaskiya, a manna su hawa-hawa da talgen fulawa a jikin ƙyaure, su bushe, a yanka daidai ƙafa, a jera, a yi ta ɗinki har tafin ya yi tauri. Shuɗiyar rigar ta babansa ce, mai furannin na kakarsa. Yanzu hannun mahaifiyarsa na rawa, ko allura ba ta iya riƙewa, ga ciwon zuciya. Ba ta da 'ya mace, matar wansa kuwa ta ce kanti na nan cike da takalma. Shi ne ta aiko wa Ruƙayyatu. Burinta ɗaya ne, ta ga Ummi sanye da takalmin tun tana da rai.

"Rigar ubanka za ka sa ɗiya ta taka?" Inna Zulai ta dafe ƙirji. "Mu nan kayan mamaci sadaka ake yi da su."

"Ba takawa ba ne, Inna," in ji Yusufu. "Su ne za su ɗauke ta."

Ruƙayyatu dai a ranta ba ta so. Ita da ke dawowa daga makaranta murya a dishe, ga wanki, ga girki, ga yarinya na haƙori, a ina za ta cusa aikin dukanci? Sai dai ina bakin ƙi? Duk lokacin da aka yi kiran bidiyo, tsohuwar kan kusanto da fuskarta har hancinta ya cika waya, ta ce "Lukiya, Lukiya," don iyakar abin da harshenta ke iya yi da sunan ke nan. Mutum ba ya kallon wannan fuskar ya ce ba zai iya ba.

Haka aka fara karatu ta waya, tsohuwa na faɗa, Yusufu na fassara. Aka cire ƙyauren tsohon ɗakin girki. Talge ya yi ruwa, a sake. Ya yi kauri, a sake. Ruƙayyatu ta shimfiɗa ƙyalle ta shafa, ta ɗora wani ta shafa, tana murje iska da tafin hannu, har duk tsummokin suka hau ƙyaure. Ta so ta bar shi a ɗaka, Inna Zulai ta ce gara za ta yi buki. Surukarta ma ta ce a jingina shi da bango inda rana ke bugawa, haka ake yi a garinsu. Abin da ba ta faɗa ba, don bai zo mata a rai ba, shi ne a garinsu dabbobi a garke suke kwana suke wuni.

Ran Litinin Ruƙayyatu ta tafi makaranta, Inna Zulai ta goya Ummi ta leƙa barka a maƙwabta. Jar akuyar gidan ta shaƙi ƙamshin fulawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago! Ko da Ruƙayyatu ta dawo, ta tarar da ita ta ɗora ƙafafu a kan ƙyaure, shuɗin ƙyalle na reto a bakinta, tana tauna hankali kwance. Fiye da rabi ya tafi.

Ruƙayyatu ta zauna a ƙasa da jakarta a kafaɗa. Kuka ma ya ƙi zuwa, gajiya ce kawai ta danne ta. Inna Zulai kuwa ta bi akuya da muciya tana tsine mata har kakanninta.

Ran Juma'a Yusufu ya tsaya gaban ƙyauren ya yi ta kallo. Da faɗa ya yi, da ta fi jin sauƙi. Ya shafa ragowar da yatsa, ya auna da tafin hannunsa.

"Zai yi ƙafa biyu, in an yanka cif-cif," ya ce. "Kada a gaya wa Mama."

Aka ɗora ƙafar Ummi a kwali aka zana, aka yanka a kan layin, ko faɗin ƙwayar gero ba a ƙara ba, don babu abin ƙarawa.

Daga nan wahalar gaske ta soma. Sai ka huda da basilla, ka zura zare, ka naɗe a hannu ka ja har ya nutse, ka sake hudawa dab da na farko, layi bayan layi. Yatsun Ruƙayyatu suka yi kanta, har alli yana mata zafin riƙewa. Zaren Sin ya ƙare a tsakiyar ƙafar farko. Washegari ta tarar da Inna Zulai a inuwa ta yaye zane zuwa gwiwa tana murza zaren rama a cinya.

"Mi kike kallo?" in ji Inna Zulai. "Ba don mijinki nake yi ba. Don ƙawata Ummi nake yi."

Damina ta shigo, jarrabawa ta zo, Ummi ta kwanta zazzaɓi, Ruƙayyatu ma ta kwanta. Wani makon layi biyu take yi, wani makon ko taɓawa ba ta yi. Ana cikin haka Ummi ta miƙe, ta saki bango, ta fara tafiya da ƙafarta tsirara kamar kowane ɗan Gwandu. In an kira waya sai Yusufu ya matse ta a cinya don kada kakarta ta gani. Kullum tambayar tsohuwa ɗaya ce, an kusa? Kullum fuskarta na ƙara zurmawa. Ruƙayyatu ta fara jin tsoron ƙarar wayar mijinta.

Sai da aka fara yankan shinkafa ta ja zaren ƙarshe. Takalma biyu 'yan mitsi-mitsi, samansu mai furanni, tafinsu tauri kamar ƙwarya. Ɗaya ya ɗan karkace, amma ko ita ta san sun yi kyau. Tunda wayar Gwandu na yawan yankewa, ta jefa su a jaka ta goya Ummi suka shiga mota zuwa Kalgo.

Ɗakin Yusufu na bayan kamfani, ƙurar dusa ta lulluɓe komai. Ya goge tebur, ya jingina waya da flas ɗin shayi, ya kira. Tsohuwa ta bayyana zaune a gado, an tokare ta da matasai, sanye da rigarta mai ruwan toka wadda kullum da ita ake ganin ta. Ya nuna mata takalman, gaba da baya. Ta ce ya lanƙwasa tafin. Ya lanƙwasa, ya ƙi lanƙwasuwa. Ta gyaɗa kai tana murmushi, ta yi nuni da hannu a sa wa yarinya.

Yatsu suka shiga, diddige ya ƙi.

Yusufu ya juya ƙafar, ya tura. Ya gwada ɗayar. Gumi ya keto masa. Ya karkata jikinsa ya tare wayar, ya lanƙwashe yatsun yarinyar yana dannawa, Ummi ta callara ƙara.

"Baban Ummi, sake ta."

"Kaɗan ya rage. Ta gani kawai, sai a cire."

"Na ce sake mini ɗiya!"

Ta fizge yarinyar ta rungume. Haushi da kunya da gajiyar watanni suka taso mata gaba ɗaya. Ta jawo wayar, ta ɗaga ƙafar Ummi, ta kara takalmin a tafinta. Babban yatsa ya zarce, gefe ya fito.

Tsohuwa ta matso da fuska ta yi ta dubawa. Sannan ta yi magana a hankali.

"Ta ce ƙafar babana ce," in ji Yusufu, murya ƙasa-ƙasa. "Mai faɗi. Ta ce me ya sa ba a bar sarari ba? Ai ba a yanka wa ƙafar yau. Ta ce ba komai, a yanko wani daga ragowar."

"Gaya mata babu ragowa. Gaya mata akuya ta cinye. Kuma ka faɗa mata yarinya ta daɗe da fara tafiya. Na gaji da ɓoyo."

Ya dube ta kamar zai roƙe ta, ta kau da kai. Ya faɗa. Ruƙayyatu ta sauke Ummi, yarinyar ta taka dagwai-dagwai zuwa bakin ƙofa ta dawo, hawaye bai bushe mata ba.

Tsohuwa ta bi ta da ido har ta dawo. Ta fara dariya, dariyar ta koma tari, wani hannu ya miƙo mata ruwa. Da numfashinta ya daidaita, sai ta kama wuyan rigar da ke jikinta da yatsu biyu masu rawa, ta ɗaga shi ga waya, ta yi 'yar magana.

Yusufu bai fassara ba. Ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

"Mi ta ce?"

"Ta ce wannan mai ƙarfi ce, za ta yi tafi mai kyau." Ya sauke hannunsa. "Ta ce wana zai aiko miki da ita, ba za a daɗe ba. Ki auna da yalwa, don kaya na jimawa a hanya."

Ruƙayyatu ta dubi yatsunta masu kanta, ta dubi tsohuwar da ke jiran amsa. Ta gane sai bayan ran tsohuwar ne rigar za ta iso. Ta miƙa hannu ta yago gefen kwalin sukari da ke kan tebur.

"Riƙe mini ƙafarta," ta ce. "Ka ce da Mama ta duba, ta gaya mini inda zan tsaya."