Kofin Baba Segal

Constance Katung ba ta iya ganin raini ta haɗiye ba, duk wanda ya san ta a Kagoro ya san haka, kuma zaman Washington bai rage mata komai ba. Nas ce, tana kula da wani tsoho Bayahude, Mista Segal, wanda hannunsa ke rawa har cokali ya gagare shi. Baba take ce masa.

Satin nan kaf Baba ya ishe ta. Sai ya tsaya bakin famfo da wani kofin azurfa mai hannu biyu, ya cika, ya tsiyaye, ya jiƙa mata ƙasa. Da ta yi mita, ya ce shi Balawe ne, wata ƙabila cikin Yahudawa, yana da aiki a majami'a ranar ƙarshe ta Idin Ƙetarewa, kuma daga wannan karon ba wani, tunda ɗansa zai mai da shi gidan tsofaffi a Germantown, nesa da majami'ar. Ta ce to. Ita a zatonta karatu zai ja, ko a ɗora shi kan kujerar manya.

Ranar ta tura shi a kekensa na marasa lafiya har can, ta zauna a baranda tana jira. Ana tsakiyar sujada sai ga shi ya fito yana dafa bango, kofin cike a hannunsa. Bayansa wani saurayi ne, gemu ma bai gama fito masa ba. Wai yaron nan sai ya naɗe hannun riga, ya miƙa wa Baba tafukansa, ko kunya babu!

Ran Constance ya ɓaci. A gidansu yaro ke durƙusawa da kwarya ya zuba wa babba ruwa. Yau ga tsoho da ya yi jika da kai, yana karkarwa, kai kuma ka tsaya ƙiƙam a wanke maka hannu? Wace irin uwa ce ta raini wannan? Kafin ɗigo ya sauka ta fizge kofin, rabin ruwan ya kwarara a zaninta, ta dangwara wa yaron sauran, ta ce ya wanke da kansa, ai ba kuturu ba ne.

Yaron bai karɓa ba. Daga ciki aka ɗaga murya, alamar lokaci ya yi. Wani magidanci ya fito da sauri, ya karɓi kofin, ya zuba wa yaron, ya mayar wa Baba kofin, suka shige. Can sai ta ji muryar yaron tana sa wa jama'a albarka, dattawa na amsawa da amin.

Baba ya zauna a kekensa. Bai yi mata tsawa ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi.

"Constance," in ji shi, "yaron nan jinin Haruna ne, firist. Ba ya sa albarka sai Balawe ya wanke masa hannu. Da Musa ya ƙidaya mutane, mu daban ya ƙidaya mu, tun daga jariri ɗan wata guda. Ba a ba mu gona ba, hidima aka ba mu. Duk ta tafi, saura kofin nan."

Ita da ta sha jin Littafin Ƙidaya a coci! Haushi ya turnuƙe ta, na kanta, da na magidancin da bai iya jiran tsoho ba, da na ɗan da ya riga ya sayo akwatunan kwashe kaya.

Suka koma gida. Da suka shiga kicin ya miƙa mata kofin, ya ce ta sa shi can saman kabad.

Ta riƙe shi tana kallon kabad ɗin. Ta ce ai hannunsa ba ya kaiwa can.

Ya ce ya sani.