Saƙon Auta na Bakwai

A yi min afuwa tun daga farko. Karanta labari na saba, rubuta shi kuwa wannan ne karo na farko, don haka inda aka ga na yi tuntuɓe a ɗauke kai a wuce.

Ranar da aka kwashi su Kofur zuwa bakin daga, mata biyu ya bari a gidansa na bariki mai ɗaki biyu da falo. Akwai matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyar da 'yan aji uku a firamare, sai mahaifiyarsa, Mama, wadda yanar ido ta ci ƙarfin ganinta har sai dai ta gane mutum da takunsa. Shi ne autanta, kuma duk da igiya biyun da ke hannun rigarsa, a bakinta Auta ne.

Watan farko abin da sauƙi. Duk bayan kwana biyu zai kira, in layi ya ƙi ya turo saƙo, Malama ta karanta wa Mama da ƙarfi. Sai aka matsa da su gaba, can inda ba a faɗin sunan wuri, waya ta yi ɗif. Kwana uku, kwana biyar. A na shida Mama ta ture kwanon abinci da bayan hannu.

"Ba na jin yunwa."

"Mama, maganin suga ba a shan sa ciki ba komai. Likita ya faɗa."

"Likitan ne ya haifa min yaron?"

Washegari rabin kofin shayi ta sha, shi ke nan. Da Malama ta dawo daga makaranta ta tarar da ita zaune a bakin gado, hannu na rawa, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta yi lallashi, ta yi roƙo, har fushin ƙarya ta gwada, Mama ko gezau. Sai ta shige kicin, ta zauna a kan buhun shinkafa, ta buɗe wayarta ta rubuta layi huɗu. Ta daɗe tana kallon su kafin ta fito.

"Mama, saƙo ya shigo."

Ta karanta: "Kwamanda, ina gaisuwa." Haka yake tsokanar uwarsa. "Muna nan lafiya, sabis ne babu. Na san halinki, kar ki yi wasa da abinci. Umarni ne daga sama."

Mama ta karkata kai kamar mai jiran saura. Can ta ce, "Miƙo kwanon."

Daga ranar abin ya zama aiki. Lokacin hutun tara, sauran malamai na hira a ofis, ita tana can ƙarshen benci tana shirya saƙo kamar mai shirya darasi. Ta san bakin mijinta. Ba ya cewa "ina fatan kina lafiya", sai dai "ya dai". Ta sa shi yana ƙorafin but ɗinsa da ke cizon ƙaramin yatsa, ta sa ya tambayi gwiwar Mama, da famfon bayan gida ko an gyara, da jaririn yayarsa ko ya fara rarrafe. In kalma ta cika kyau sai ta goge, don Kofur ba mutumin kalma mai kyau ba ne. Mama kuwa kullum ta saurara, ta karkata kai, ta ce a miƙo kwano. Rawar hannun ta tafi. Malama ce dai zanenta ya fara yi mata yawa, amma wannan ba mai gani a gidan.

Rana ta goma sha tara Asabar ce. Da hantsi Malama ta ajiye wa Mama shinkafa da wake a kan ɗan tebur, ta zauna a hannun kujera da waya. Ta kai tsakiyar saƙo na bakwai, wajen da Kofur ke cewa an yi musu ruwa jiya har barguna sun jiƙe, sai aka ɗaga labulen ƙofa.

Matar Saje ce, maƙwabciyarsu da bango ɗaya ya raba, ta dawo da dutsen guga da ta ara. Mijinta da Kofur mota ɗaya suka shiga. Ta tsaya da dutsen a hannu, igiyarsa na lilo.

"Malama, sun samu sabis ne?"

Malama ta kife wayar a cinyarta.

"Yaushe ya shigo? Yau?" Matar Saje ta ajiye dutsen a ƙasa, ta zaro tata wayar daga ƙugu, ta duba, ta ɗaga ta sama wajen taga, ta sake dubawa. "Ni ba komai. In naki ya samu ya turo, nawa me ya hana shi? Ya ambace shi? Duba min don Allah, ko ya ce wani abu a kan Saje."

Malama ta kalli kwanon da Mama ba ta taɓa ba tukuna, ta kalli matar Saje. In ta ce ƙarya ne, kwano zai koma kicin yadda ya fito. In ta ce gaskiya ne, matar nan za ta koma bayan bangon can ta ƙirga abin da zai hana mutum turo saƙo alhali na kusa da shi ya turo.

"Zauna, 'yar nan," in ji Mama. "Ba wanda ya turo komai. Wannan ce ke rubutawa a makaranta, ta zo ta karanta min."

Matar Saje ta zauna a hankali, ta sauke numfashi mai tsawo.

"Mama," Malama ta ce da ƙyar, "tun yaushe?"

"Tun na farko na yi zargi, na biyu na tabbatar."

"Wane wuri na kuskure? But ɗin ne?"

"But ɗin daidai ne, tun yana ƙarami yatsan nan ke ba shi wahala. Famfon ma daidai. Kin iya shi, har na ji kamar in ce ya rage surutu." Mama ta laluba ta kamo hannunta. "Amma ke, Auta ko minti biyu ya samu a waya, ɗaya naki ne. 'Kwamanda, Malama ta ci abinci? Kar ki bari ta zauna makin littattafai da yunwa. Ciwon kan nan nata ya dawo?' Har sai na ce masa ni ma fa ina da kai. To saƙo bakwai, an tambayi gwiwata, an tambayi jinjiri, har famfo an gaishe shi, ba a ambace ki ko sau ɗaya ba. Wannan ba ɗana ba ne."

Malama ta sunkuyar da kai. Sau nawa yatsanta ya je wurin rubuta sunanta a saƙon ya dawo. Kunya ce ta hana, da wani abu kuma da ba ta so ta taɓa.

"To me ya sa kike ci?"

"Na ga kina wahala, na ce bari in ci ko ke ma kya ci. Shiru. Ido ne ba ni da shi, kunne lafiya lau. Cokali ɗaya nake ji a gidan nan." Ta matsa wuyan hannun Malama tsakanin yatsu biyu. "Ji nan, kamar muciya. In ya dawo ni zai tsare da tambaya. Kwana nawa yau, na gaskiya?"

"Sha tara."

"Sha tara," Mama ta maimaita. "Allah ya tsare mana su. Kawo cokali uku."

Suka ci a kwano ɗaya, Mama na sa kunne tana ƙirga wa kowa loma. Ta haɗiye ƙwayar maganinta ba tare da an ce ta sha ba.

"Gobe ki rubuta na takwas," ta ce, "amma ki gyara shi. Ki haɗa da na wannan baiwar Allah."

Matar Saje ta goge ido da gefen mayafi. "Nawa ba zai ba ki wuya ba, Malama. Kalma huɗu ce: 'Wa ya taɓa rediyona?'"

"Ko gaisuwa babu?" in ji Mama.

"Wace gaisuwa, Mama? Mutumin da ranar tafiya ya tsaya a ƙofa, na ɗauka wata magana zai faɗa, sai ya ce in riƙa juya katifa."

Mama ta yi dariya har da tari. Matar Saje ta miƙe ta ƙanƙance ido, ta tura ciki gaba, tana kwaikwayon tafiyar mijinta daga ƙofa zuwa taga, Mama na cewa a sake, takun bai yi nauyi ba. Malama ta tattara cokulan a hankali, ta raɓa ta bayan kujera ta fita wajen igiyar shanya, ba wadda ta ji fitarta, har Mama.