Ƙofar Baya ta Hagu

Yayana Lahdar ba ya faɗa da baki. Yana saurayi ya karya wa wani kwandasta muƙamuƙi a tashar Bulaida a kan kalma ɗaya, ya kwana a hannun 'yan sanda, ya fito bai ba kowa haƙuri ba. Ya taɓa jefa maigidansa na gareji cikin ramin duba mota. Shi ya sa da ajali ya zo wa mahaifiyarmu ba ta yi min wasiyyar gida ko ta awarwaronta ba. Ta damƙe wuyan hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce, "Warda, kada ki bari ya kashe mutum." Ni da ita mun san wane mutum take nufi, ko da yake ba mu san sunansa ba, ba mu san fuskarsa ba.

Mahaifinmu Bu'alam direban tasi ne tsakanin Lamdiyya da Bulaida, da doguwar Fijo 504 rawaya kamar sauran tasin hanya. A baƙaƙen shekarun nan na yaƙin basasa muna zaune a ƙauye can kan dutse. Wata babbar mota ta murƙushe masa ƙofar baya ta hagu, ya sayo wata a wajen 'yan gwangwan, shuɗiya, ya kawo ta gida naɗe cikin bargo. Washegari bayan sallar asuba shi da Lahdar suka ɗaura ta a tsakar gida, ƙofar gida a rufe. Baba ya ja da baya ya kalli motar ya yi dariya, ya ce ta zama kamar wanda ya sa takalmi wari da wari, gobe in Allah ya kai mu zai yi mata fenti. Ya shanye gahawarsa ya tayar ya tafi shi kaɗai, zai yi lodi a tasha.

Bai kai kwalta ba. A kwanar farko ƙasa da gidanmu, inda itatuwa suka rufe hanya, mutanen daji, wato 'yan tawayen da ke ɓoye a duwatsu, sun kafa shingen ƙarya sanye da kayan soja. Mu hayaƙi muka gani. Lahdar ya ruga ba takalmi, na bi shi, Mama na ƙwala mana kira. Muka tarar da Baba a gefen hanya, hannuwansa ɗaure ta baya da waya, an yanka shi kamar rago, har da juya fuskarsa alƙibla. Jinin ya gangara ya cika sawun taya. Motar na ci da wuta, gilasanta na fashewa, kuma kafin mutanen ƙauye su yi ƙarfin halin leƙowa ba sauran rawaya ba sauran shuɗi, ƙarfe ne baƙi ƙirin. Lahdar ya tsoma hannu cikin jinin ya yi rantsuwa. Ba zan maimaita ta ba, amma na ji ta da kunnena.

Muka koma Bulaida. Shekaru suka ja, gwamnati ta yi afuwa, mutanen daji suka sauko suka rage gemu, wasu har suka buɗe shaguna. Wanda ya miƙo maka burodi da safe ba ka san abin da hannunsa ya taɓa riƙewa ba. Lahdar ya zama mai fentin mota, yana tafe a titi yana leƙa fuskokin maza, ni kuma ina biye da shi zuciyata kullum a ɗar-ɗar. Mijin da na aura ya ce in zaɓa, ko shi ko gadin yayana. Na kwashe kayana.

Abin da ya kwantar da Lahdar ba liman ba ne, ba likita ba. Ƙananan motoci ne. A bayan wani shagon gahawa akwai ƙungiyar wasu ƙartin maza masu furfura da ke haɗa motoci 'yan tsawon tafin hannu, da gam da hantsaki da burushin da gashinsa bai fi na gira ba. In kana neman mari ka ce musu kayan wasa ne. Sai su yi wata guda a kan sitiyarin da bai kai maɓallin riga ba, su yi gaba da juna a kan ko madubin gefe na wata shekara zagaye ne ko mai kusurwa. Ni dai na raina su iya rainawa. Amma da na ga Lahdar zaune tun la'asar har magariba, numfashinsa a hankali, hannun nan mai karya muƙamuƙi yana liƙa waya siririya kamar zare, sai na ce Allah ya ƙara musu gam.

Shugabansu Si Rabah ne, mai gyaran agogo, dattijo siriri mai sanyin murya, da gilashin ƙara girma rataye a wuya. Ya ce a kudu ya yi shekarun tashin hankali, wajen rijiyoyin mai. Ba wanda ya bincika, don a garin nan tambayar mutum ina yake a lokacin rashin kunya ce. Shi ya koya wa Lahdar yin tsatsar ƙarya, da yadda ake dusashe fenti ya zama kamar rana ce ta ci shi. Yana cin kuskus ɗinmu ranar Juma'a, yana ce min 'yata, ni kuma ina zaɓar masa tsokar da ta fi laushi. Aibinsa ɗaya ne, kuma duk ƙungiyar sun san shi: ba ya iya ganin kuskure a jikin mota ya haɗiye. Motar da ya gani sau ɗaya a rayuwarsa, zai gaya maka har ƙusoshin tayarta. Ya taɓa sa wani likita zubar da hawaye a gaban matarsa saboda launin kujera. Suna kiransa Alƙalin Ƙusa, shi kuma yana jin daɗin sunan.

Lahdar bai taɓa ba su labarin Baba ba. Mu ba ma faɗa wa kowa. Amma a ɗakinsa, ƙofa a kulle, ya yi shekaru yana gina motar. Bodin kawai ya saya, sauran da hannunsa ya ƙera: kariyar sama da igiyarta, lanƙwasar bamba, carbin da ke rataye a madubi, lambar motar, tsagewar fitilar dama, da rubutun da Baba ya sa a gilashin baya don mahassada. Ranar da ya nuna min ita sai da na zauna a ƙasa. Na duba ƙofar baya ta hagu, na gan ta rawaya. Na dube shi. Ya ce Baba ya ce gobe zai yi mata fenti, shi ya ƙarasa masa aikin. Na yi kuka har na ji haushin kaina.

Aka yi nunin shekara a gidan matasa, ranar Asabar da hantsi. Tebura layi-layi, kowace mota cikin akwatinta na gilashi, iyaye da yara cike da zauren. Lahdar ya sa farar riga. A katin da ke gaban motar ya rubuta "Tasin Lamdiyya" kawai. Ya cire mata akwatin gilashin, yana zaune da 'yar askarsa ta aiki yana kankare wani ɗigon gam da shi kaɗai ke ganinsa. Ni ina tsaye da farantin makrud, cincin ɗinmu mai dabino, ina rabawa, kusa da teburin kofunan gasa, irin masu gindin dutse da in sun faɗo maka a ƙafa sai asibiti.

Si Rabah ya iso da alƙalan gasa biyu a bayansa. Ya ɗaga gilashinsa ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. Na ga fuskarsa ta washe irin ta wanda ya ci karo da tsohon abokinsa a kasuwa.

"Kai Lahdar, ɗan banza, ashe abin da kake ɓoye mana ke nan? Na san motar nan. Wallahi na san ta. Ga lambar, ga fitilar da ta tsage, har rubutun baya." Ya zagaya ɗaya gefen ya yi ɗan tsaki. "Sai dai ka yi kuskure ɗaya, ɗana. Ƙofar nan ta baya ba rawaya ba ce. Shuɗiya ce."

Alƙalan suka yi dariya suka ce Alƙalin Ƙusa ya fara. Ni farantin ne ya yi min nauyi a hannu. An ce baki shi ke yanka wuya, ban taɓa tsayawa kusa da inda yake yankawa ba sai ranar.

Lahdar bai ɗaga murya ba. "A ina ka gan ta, Si Rabah?"

"A tasha mana. A ina ake ganin tasi?"

"Ba ta kai tasha ba. Da asuba muka ɗaura ƙofar, ni da ubana. Daga gidanmu zuwa kwanar da ta ƙone, ko akuya ba ta gan ta ba."

Si Rabah ya ɗago daga kan motar. Da ya ce ya rikita ta da wata motar ne, da wataƙila ya samu hanyar fita, amma mutumin da bai taɓa yarda ya yi kuskure a kan mota ba, ko tunanin hakan bai zo masa ba. Ya ja da baya.

"Ba ni na riƙe wuƙar ba," ya ce. "Ni fetur kawai na zuba. Kuma ai an yi afuwa, ɗana."

Lahdar ya haye teburin. Naushin farko ya fasa wa Si Rabah hanci, na biyu ya nannaɗe shi. Ya cafki ƙeyarsa ya buga fuskarsa a akwatin gilashin da ke kusa, akwatin ya tarwatse, ya ɗago shi ya sake bugawa a kan tarkacen. Na ga haƙori ya gangara ya tsaya jikin wata 'yar jar motar tsere. Jini ya wanke farar rigar. Mata na ihu suna jan yaransu zuwa ƙofa, kujeru na kifewa. Su kuwa 'yan ƙungiya, Allah wadaran naka ya lalace, kowa ya rungume akwatin motarsa ya manne da bango. Ƙarti sun fi ashirin a zauren, ba wanda ya saki gilashi ya kama mutum.

Lahdar ya kayar da shi ƙasa ya danne ƙirjinsa da gwiwa. Tsohon na shure-shure, yana fesar da jini yana kiran sunan Allah. Lahdar ya sa hannun hagu ya murɗa masa haɓa, ya juya fuskarsa gabas. Nan na gane. Hannunsa na dama na lalube a kan daɓe, cikin fasassun gilasai, har ya sauka a kan askar da ta faɗo daga tebur.

Na ce, "Yaya." Bai ji ba. Na ce, "Yaya, don darajar Mama." Ko waiwaye.

Kada wani ya ɗauke ni mai tausayi. Ni ma ina so in ga jinin mutumin nan ya gangara ya cika wani abu. Ni na dafa kuskus ɗin da ya ci, ni ya kira 'yata da bakin nan. Amma wuyan hannuna na zafi daidai inda Mama ta damƙa. Na yar da farantin, na ɗauki babban kofin gasa da hannu biyu, na sauke gindinsa na dutse a kan hannun yayana. Ƙashin ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Bai saki askar ba, yatsunsa na ƙara rufewa a kanta. Na ɗaga na sake saukewa da dukkan ƙarfina.

Ya ɗago ya kalle ni, fuskarsa duk jini. "Ke?" ya ce. Sai a lokacin mazan suka tuna su maza ne, suka ajiye motocinsu suka rufe shi.

Si Rabah bai mutu ba. Ya rasa ido ɗaya, ya rufe shagon agogo ya koma wajen 'yarsa a birnin Wahran. Ba wanda ya yi masa tambaya a kan kwanar ƙauyenmu, don afuwa ta rufe wannan. Lahdar ne ya yi zaman gidan yari na dukan dattijo. Likitoci sun ɗaure hannun da ƙarfe, amma yatsu uku ba sa rufewa, sauran kuma rawa suke. Ko cokali da hagu yake riƙewa, balle burushi. Ya fito ya daina yi min magana. Yana cin abincina, yana ajiye kwanon a bakin ƙofa, in mun haɗu a soro ya kalli bango. Abin ya yi min ciwo sosai, amma ban ba shi haƙuri ba, mu jini ɗaya ne.

Motar ta dawo gida lafiya. Ashe wani malamin makaranta ya rungume ta tare da tasa a ranar, ya kawo ta cikin kwali yana sunkuyar da kai. Ta zauna a kan kabad ba wanda ke taɓa ta.

Wata rana da la'asar ina feraye dankali a kicin, Lahdar ya shigo ya ajiye ta a gabana, da 'yar kwalbar fenti da burushi da guntun samfefa. Ya yi ta kokawa da murfin kwalbar da hannun nan nasa, na ƙi taimaka masa, har ya gaji ya turo min. Na buɗe. Shuɗi ne.

"Kankare rawayar tukuna," ya ce. "A hankali, ba tukunya kike wankewa ba."

"Ai ka ce ka ƙarasa wa Baba aikinsa."

"Bai yi mata fenti ba, Warda. Haka ta fita."

Na goge hannuna a zani na kankare. Da na tsoma burushin sai fentin ya nemi ɗiga a kan taya. Ya yi tsaki ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya sa hannunsa na hagu ya riƙe min wuyan hannu, ya ce in fara daga sama.