Yatsu Biyu a Kan Takarda

Tun da tela ya taka ƙofar ajin 'yarsa gabansa ke faɗuwa, ga shi kuwa don yabo aka kira shi.

Malamar ta ɗauko kwamfutar hannu ta nuna masa. Kowane yaro yana da tasa a aji. Labari ya fito a fuskarta, yaro ya karanta, ya zaɓi ma'anar kalmomi, ta ba shi tauraro.

"Ka ga taurarin 'yarka? Duk ajin nan ba mai kama ƙafar Auta."

"To a gida fa, Malama? Littafin da na saya mata ko buɗe shi ba ta yi. Uwarta har ta gaji da faɗa."

"Yaran zamani ke nan, Baban Auta. Takarda ta tsufa musu."

Ya yi dariyar yaƙe. Shi da ya tsaya a firamare, ina shi ina musu da malama? Duk da haka ya zaro littafin daga aljihu.

"Zo, uwata. Karanta mana layi ɗaya."

Yarinyar ta karɓa, ta kai shi dab da hancinta, ta janye. Sai ta ɗora yatsu biyu a kan shafin ta ware su a hankali, yadda ake yi wa kwamfutar in ana son rubutu ya ƙara girma. Ta sake gwadawa.

"Baba, wannan ba ya buɗuwa."

Murmushin malamar ya ɗauke. Ta buɗe labarin yadda Auta ta bar shi. 'Yan kalmomi ne suka cika fuskar kwamfutar, kowane harafi kamar babban yatsa.

"Tun yaushe kike ƙara shi haka?"

"Da kaɗan nake ƙarawa, Malama. Yanzu ya kai ƙarshe, ba ya ƙaruwa."

Tela ya dubi idanun 'yarsa. Mahaifiyarsa ta faɗo masa a rai. Ita ma da roƙon a zura mata zare a allura ta fara, ta ƙare ana jan ta da sanda.

A bakin titi ya damƙe hannun yarinyar.

"Haba Baba, ai na girma! Shago za mu?"

"Asibitin ido za mu."

Ya tsayar da motar haya. Ko tabarau zai wadatar, ko ciwon kakarta ne ya biyo jini, bai sani ba.