Mai Famfo da Mai Faci

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, kunnenmu na wurinki.

"Rami!" in ji Dogo da ƙarfi, ya karkata kan kekensa ya kauce. Sai da ya wuce ramin sannan ya tuna babu kowa a bayansa. Ya ja tsaki, ya ci gaba da taka feda, tsakuwa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya.

Bari in gaya muku ko wane ne Dogo. Tela ne, yana da ɗan shago a bayan tasha: keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, da rediyon da ba ta magana sai an mare ta. Matarsa ta rasu, yara sun girma kowa ya kama gabansa, sai dai waya jefi-jefi. Abin da ya rage masa na ɗoki a duniya shi ne safiyar ranar hutu. Ya kulle shago, ya hau kekensa, ya bar kwalta ya faɗa hanyar burjin da ta ratsa gonaki, inda ba mota ba hayaniya, sai kukan kurciya.

Da can su biyu ne, shi da Tabarau, mai kemis ɗin da ke kallon shagonsa. Idon Tabarau ba shi da ƙarfi, saboda haka Dogo ne kullum a gaba yana shela: rami, yashi, akuya. Shi kuwa daga baya sai ya ce, "Na gani, an gaya maka makaho ne ni?" Alhali wallahi bai gani ba.

Tun suna da baƙin gashi suka raba kayan gyara. Famfo na Dogo ne, ɗaure a jikin kekensa. Gwangwanin faci na Tabarau ne, da sholisho na liƙi a ciki, da guntun tsohon tub, da cokula biyu da aka daddaƙe don cire taya. Tabarau ne ya kawo tsarin. Wai don kada wani ya ci amanar wani ya sulale yawo shi kaɗai.

To, gab da faɗuwar damina Tabarau ya yanke jiki ya faɗi a bayan kanta. Ɓarin jikinsa ya shanye. Dogo ya je asibiti, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ga baki ya karkace, ya ga harshen nan da ya shekara da shekaru yana yi masa tsiya ya kasa fitar da sunansa. Bai shiga ba. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe, gobe zan dawo." Goben nan ba ta zo ba. 'Yar Tabarau ta ɗauke mahaifinta zuwa gidanta a bakin gari. Ta yi ta kiran wayar Dogo, yana kallo har ta katse. Ba ƙiyayya ba ce, ku fahimce ni. Tsoro ne da farko, daga baya ya zama kunya, kunyar kuwa kullum ƙara nauyi take. Yanzu ga shi har amfanin gona ya nuna.

A wajen tankin ruwa hanya ta rabu biyu. Ta hagu ita ke gangarawa unguwar 'yar Tabarau. Dogo bai ko kalle ta ba, ya kama ta dama, kamar yadda ya saba tun da abin ya faru.

Mai gadin wata gonar kaji yana zaune a bakin ƙofarsa yana gyara tocila. Ya ɗago hannu.

"Sannu da himma, baba! Wai ina na bayan naka mai surutu? Kun yi faɗa ne?"

"Yana nan lafiya," in ji Dogo, ya ƙara wuta bai tsaya ba.

Hanya ta yi tsit. Gona dama, gona hagu, zangarniya ta sunkuyo. Ya wuce gadar katakon da Tabarau kan sauka ya tura kekensa yana cewa ba tsoro ba ne, ƙafa yake miƙewa. Ya wuce bishiyar da suke hutawa. Bai zauna ba, don inuwar ta yi wa mutum ɗaya yawa.

Can gaba ya ji fisss. Tayar baya ta fara rawa, ta kwanta. Ya sauka ya duba, ga ƙaya ta nutse har gindi. Ya zare ta, ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiga ba.

"Miƙo gwang..."

Hannun ya tsaya a iska. Duk watannin nan bai taɓa yin faci ba, shi ya sa bai taɓa tunawa ba. Ga famfo a hannunsa lafiya lau kamar jiya aka saya, ga rami a tub, ba abin liƙewa.

Ya juya. Ya buga wa tayar iska, ya hau, kafin ya yi nisa ta sace. Ya sauka ya sake bugawa. Haka ya yi ta yi har kafaɗarsa ta ɗauki zafi, rana ta take, gwiwoyi suka fara kuka. Da ya iso tankin ruwa sai ya tsaya yana haki. Gida na da nisa. Hanyar hagu kuwa gangare ce, daga nan ma yana hango rufin kwanon unguwar.

"Gwangwani kawai zan karɓa," ya gaya wa keken. "Daga bakin ƙofa. Ba shiga zan yi ba."

'Yar ce ta buɗe, hannunta da kumfar wanki. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kawu Dogo! Ashe kana duniya?"

"Ina nan, 'yata. Ba zama zan yi ba. Wani ɗan gwangwani ne na babanki, mai kayan faci..."

"Na san shi. Yana ƙarƙashin matashinsa, ko shara nake bai yarda in matsar da shi ba. In kana so sai dai ka shiga ka karɓa da kanka." Ta buɗe ƙofar gaba ɗaya ta koma wankinta.

Tabarau na baranda a keken marasa lafiya, ya rame, hannun hagu a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Ya daɗe yana kallon Dogo ta saman gilashi, sannan ya kalli tayar. Maganarsa ta fito a hankali, da nauyi, kowace kalma sai ya jawo ta.

"Faci?"

"Faci."

"Na daɗe... ina roƙon Allah... ya aiko maka da ƙaya."

Dogo ya kawar da kai. Ya durƙusa ya kifa keken, ya yi kamar sarƙa yake dubawa.

"Ke!" in ji Tabarau. "Ɗauko wa... wannan tsohon... kayana."

Dogo ya cire tayar da cokulan, ya zaro tub, ya buga masa iska. 'Yar ta ce bari ta kawo ruwa a baho a nemi wurin. Mahaifinta ya girgiza kai. Shi bai taɓa neman rami da ruwa ba, da kumatu yake nema. Dogo ya matso, ya kai tub ɗin kusa da fuskarsa yana juyawa a hankali. Suka zagaye kaf ba a ji komai ba.

"Ba wannan ɓarin ba, sakarai. Wannan... ya mutu."

Dogo ya zagaya ta dama. Bai yi rabin juyi ba Tabarau ya lumshe ido, ya ɗora yatsa.

"Nan."

Dogo ya kankare wurin, ya shafa sholisho. Zai liƙa ke nan aka buge masa hannu.

"Bari ya sha iska. Kullum gaggawa. Shi ya sa... wandona ƙafa ɗaya ta fi tsawo."

"Ƙafarka ce ba daidai ba," in ji Dogo. 'Yar ta fashe da dariya daga wajen wanki, sannan ta juya baya ta share ido da gefen hannu.

Da aka gama, taya ta tsaya ƙyam, Dogo ya tattara cokula da sholisho ya rufe gwangwanin. Ya ɗaga shi zai sa aljihu. Hannun nan mai lafiya ya sauko a kai ya danne, da ƙarfin da Dogo bai zata ba.

"Famfo naka. Wannan... nawa."

Dogo ya dubi hannun. Ya saki.

Tabarau bai sake hawa keke ba, magana ma ba ta dawo masa duka ba. 'Yar ta ci gaba da jinyarsa, ta daina kiran wayar kowa. Dogo yana nan yana bin burji shi kaɗai ranar hutu, yana faɗa wa iska rami da yashi, har yau kuma bai sayi faci ba. Sai dai in ya iso tankin ruwa, hagu yake yi.